Kawu da Katinsa Maƙaryaci

Kawuna, ƙanin Inna, shi ne mutum na farko da na taɓa gani ya mayar wa ɗan kasuwa kaya saboda kayan lafiyarsu ƙalau. Ba tsada ya yi kuka da ita ba, ba tsufa ba. Lafiyar ce ba ta yi masa ba. Amma in na fara daga nan za ku ɗauka taɓin hankali ne, alhali duk danginmu babu mai nutsuwarsa, har da ni da nake ba ku labari, musamman ma ni.

A lokacin Inna tana da shago, ɗaki ɗaya dogo tsakanin mai walda da mai yanka gilashin taga. Bajo take saƙawa: na rigunan 'yan makaranta, na masu gadi, na 'yan ƙwallo, har da na wata ƙungiyar masu manyan motoci da ke son zaki a ƙirji amma kada ya yi kama da kyanwa. Injin saƙarta na gwanjo ne, ta saye shi daga wani kamfanin ɗinki da ya rufe, dogo kamar gado, in ya tashi aiki sai zarurrukan da ke jere a kan kanta su riƙa rawa. Gefensa akwai kwamfuta fara wadda tsufa ya mayar ruwan tsohon haƙori. Ita ke riƙe da zanen, ita ke gaya wa injin inda allura za ta soka. Tsakaninsu kebul ne mai kauri, ruwan toka, wanda ake ɗaure kansa da 'yan ƙusoshi biyu na murɗawa. Kafar da ake soka shi ana ce mata siriyal. Yaran yanzu ba su san ta ba, su dai su soka waya su zare. Siriyal ba ya gaggawa. Harafi ɗaya yake turawa, sai ya wuce sannan na bayansa, kamar awaki a ƙofar garke.

Siriyal ɗin kwamfutar na asali ya mutu tun kafin ta zo hannun Inna, don haka aka ƙara mata wani kati kore a ciki mai nasa. A kan katin akwai aisi, ɗan baƙin abu mai ƙafafu a jere kamar kyankyaso ya kwanta. Wannan kyankyason shi ya ci rabin rayuwar Kawu.

Kawu auta ne. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, Inna ce ta goya shi, shi ya sa har ya yi furfura Auta take kiransa a gaban kowa, shi kuma Yaya. Ta ce tun yana ƙarami ba a ajiye abu mai ƙusa a gabansa. Ya kwance rediyon babansu, ya kwance agogon bango, ya kwance kwaɗon ƙofa ranar da za a yi tafiya. Bambancinsa da ni shi ne, shi yana mayarwa. Ya yi karatun fasaha, ya samu aiki a wani kamfani mai gyaran sikelin manyan motoci da injinan buga rasit, kuma duk waɗannan da siriyal suke magana. Siriri ne, ba ya saurin magana, tabaransa ɗaure da waya a gefe ɗaya shekara da shekaru. Mutum yana gyara wa duniya na'ura amma bai taɓa samun lokacin tabaransa ba. In aka kawo masa abu, kafin ya taɓa sukudireba sai ya kai hanci ya sunsuna. Ya ce abin da ya ƙone ba ya ɓoye wa hanci.

Injin Inna yana da wata cuta. Zai yi ta aiki lafiya, sai can tsakiyar bajo allura ta yi tsalle ta koma wani wuri, ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Bajon wata makaranta littafi ne buɗe da fitila a samansa, sai ka ga fitilar ta sauko tsakiyar littafin kamar za ta ƙone shi. Zakin masu motoci ya taɓa fitowa da wutsiya a wuya. Inna ta canja allura, ta canja zare, ta zargi masu wutar lantarki, ta zargi mai walda, ta zarge ni ma, don a gidanmu in an rasa mai laifi ni ake ajiyewa a wurin kafin a samu. Yadi ya yi ta lalacewa. Wata rana ta zauna tana warware zare da reza tana hawaye, ta ce za ta sayar da injin ta koma keken ɗinki na ƙafa.

Kawu ya ɗauki hutu a wurin aiki ya dawo shagon da zama. Ya kafa benci a bayan injin, a ɗan lungun da iska ba ta kaiwa, ya jona wayoyi a jikin kebul ɗin yana kallon abin da ke wucewa. Makonni ya yi a wurin. Abincin da matarsa ke aiko masa nan yake hucewa, in ya huce kuwa ba a rasa mai taimaka masa da shi. Ranar da ya gano, ya fito daga lungun da guntun zare a gashinsa, ya ce wa Inna injinta ba shi da laifi, kwamfutar ma haka. Aisin nan ne yake ƙarya.

Ga yadda ya yi mana bayani. Kafin kwamfuta ta ba aisin sabon harafi, sai ta tambaye shi ko ya gama tura na baya. Shi kuma wani lokaci, musamman in ya ɗauki zafi a dogon aiki, sai ya ce ya gama alhali harafin yana bakinsa, kamar yaron da aka ba ƙwayar magani ya ɓoye a kunci ya ce ya haɗiye. Kwamfuta ta yarda, ta cusa masa wani, sabon ya danne tsohon. Harafi ɗaya ya ɓace, allura ta ɓata hanya. Haka aka ƙera shi tun daga masana'anta, shi da duk 'yan'uwansa na bugun farko. Daga baya masu shi suka gyara a bugu na biyu, shiru-shiru, ba su gaya wa kowa ba.

Inna ta ce to a cire shi a sa mai gaskiya. Kawu ya ce sai an yi oda daga nesa, kuma ba tabbas wanda zai zo ba ɗan'uwan wannan ba ne.

"Yaya, ƙarfe ba ya jin wa'azi," ya ce. "In halinsa ƙarya ne, sai a koyi zama da shi."

Inna ta ce wannan karatun ta riga shi, in bai yarda ba ya je ya tambayi babanmu.

Manhajar da ke tafiyar da kwamfutar irin wadda ake rubutawa a taru ce, mutane daga ko'ina kowa ya kawo nasa, ba a sayarwa. Cibiyarta ana kiranta kanel, kuma a cikin kanel kowane irin ƙarfe yana da ɗan rubutun da ya san yarensa, shi ake kira direba. Kawu ya buɗe direban siriyal ya ƙara masa 'yan layuka, ba su cika tafin hannu ba. Ma'anarsu ita ce, in ka ga aisin nan ne na bugun farko, kada ka yarda da amsarsa ta fari, ɗan dakata ƙiftawar ido ka sake tambaya. Irin wannan ƙarin faci suke ce masa, kamar na taya. Tun daga ranar fitila ba ta ƙara sauka kan littafi ba.

Da ni ne, da na tsaya nan na karɓi godiya. Kawu ya ce akwai wasu a duniya da ke nan suna warware nasu zaren saboda aisin nan, ba su san dalili ba. Sai ya tura facin ga mutumin da ke kula da direban siriyal, wanda ba abin da ke shiga sai ya sa hannu. Ba su taɓa haɗuwa ba, ba su san fuskar juna ba. Maigadi Kawu yake ce masa, mu ma muka ɗauka. Maigadi ya dawo da facin, ya ce layi ɗaya ya yi tsawo. Kawu ya rage. Ya sake dawo da shi, ya ce a rubuta bayani a sama don na baya su san dalilin jiran. Kawu ya rubuta. Ya sake dawo da shi saboda wani abu da ni har yau ban gane ba. Inna ta ce ko neman aure ne ai da yanzu an ba shi. Daga ƙarshe aka karɓa, sunan Kawu ya shiga cikin kanel, a saman layukansa.

Ranar nan har mai yanka gilashi sai da aka kira ya gani. Mai walda ya ɗaga baƙin tabaransa, ya ƙura wa allon ido, ya tambaya ina hoton. Da aka ce babu hoto, suna ne kawai, ya ce to Allah ya sanya alheri, ya koma bakin aikinsa.

Shekarun da suka biyo baya su nake tunawa in an ce shagon Inna, wanda yanzu wani ke sayar da murfin waya a cikinsa. Ƙarar injin, warin mai da na sabon yadi, tartsatsin walda ta taga, guntayen zare masu launi da ke manne wa mutum a ƙafa har gida. Kawu yakan biyo bayan an tashi aiki ya zauna a bencinsa. Duk sanda aka fitar da sabon kanel sai ya sauke shi, ya buɗe, ya leƙa layukansa, kamar manomin da ke zagaya gonarsa ba don akwai abin yi ba. Wasu sukan rubuto masa. Wani mai auna ruwan sama a wani tsibiri ya ce ya daɗe yana zagin ma'auninsa a banza. Wata mata mai injin yanka katako ta turo hoton ƙofar da ta fito daidai. Kawu ya karanta mana, Inna tana yanke zare da haƙori tana cewa a gaishe su.

Sai duniya ta yi abin da ta saba. Wani hadari da aka yi, aradu ta bi wayar lantarki ta ƙone kwamfutar da katin gaba ɗaya. Kawu ya sunsuna sau ɗaya ya ajiye. Inna ta sayi ƙaramar kwamfuta da wani ɗan kebul na zamani mai mayar da sabuwar kafa siriyal, injin ya ci gaba da aiki bai san an yi canji ba. Ƙonannen katin ya bi masu tsintar ƙarfe. Kamfanin su Kawu ya sauya na'urori, ya sallami tsofaffi da takardar yabo. Ya dawo shagon Inna ya kafa tebur a bakin ƙofa yana gyaran caja da rimot da fitilun hannu. Bai yi ƙorafi ba. Layukansa suna nan, yana leƙa su.

Ni kuma a lokacin na bar makaranta, na bar koyon kanikanci, ina ɗan hutawa tsakanin bari da bari, don haka duk abin da ya biyo baya a gabana aka yi.

Saƙon Maigadi ya zo wata safiya. Ba Kawu kaɗai aka tura wa ba, sanarwa ce. Ya ce direban ya cika da faci na ƙarafan da babu mai su yanzu, duk wanda zai taɓa wani abu sai ya yi ta kewaye su, kuma ba mai iya gwada su. Zai share. Cikin waɗanda za su tafi har da na Kawu. Amma duk wanda yake da ƙarfen a hannu, ya gwada da sabon kanel, ya ba da shaida kafin a rufe karɓar gyara na wannan zagayen, to nasa zai tsaya. In shiru, shi ke nan.

Kawu ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake karantawa. Ya rubuta wa mutanensa na da. Na tsibiri adireshinsa ya mutu. Mai katako ɗanta ne ya amsa, ya ce ta rasu, injin kuma an sayar da shi a kilo. Sauran shiru.

Na ce masa abin ai mai sauƙi ne. Ya rubuta cewa ya gwada, lafiya lau. Maigadi ba zai hau jirgi ya zo duba teburin mai gyaran caja ba. Kawu ya dube ni ta saman tabarau har sai da na gyara zama.

"In na ce na gwada ban gwada ba, ɗan nan, me ya raba ni da aisin?"

A wajen masu rubuta kanel abu ne da ba a yi. Kana iya kuskure, kana iya rashin kunya ma a jure maka, amma kalmar "na gwada" sai wanda ya jona ƙarfen da hannunsa. Don haka Kawu ya shiga neman katin, kuma ba kowanne ba, na bugun farko, mai ƙaryar.

A bayan tashar manyan motoci akwai filin masu tsohon ƙarfe. Babbansu wani ƙato ne mai murya kamar injin niƙa, ana ce masa Sarkin Tsatsa. Rumfarsa tsaunin matattun kwamfutoci ne, firinta a kan firinta, talabijin a fashe, kaji suna ƙwai a cikin firij. Taƙamarsa ɗaya ce: bai taɓa sayar wa mutum abu ya dawo ba. Kawu ya kwatanta masa katin, Sarki ya sa aka tona, aka fito da 'yan kaɗan, ya hure ƙura ya rantse duk garau suke. Kawu ya kai gida ya duba lambar da ke bayan kowane aisi da gilashin ƙara girma. Duk bugu na biyu ne. Washegari ya mayar.

Sarkin Tsatsa ya tambayi abin da ya same su. Kawu ya ce ba komai, suna aiki sosai.

"To Injiniya, me ya dawo da su?"

"Aikin da suke yi ɗin."

Sarki ya juya ya kalli mutanensa ko akwai wanda ya gane, babu. Kawu ya yi masa bayani a hankali, har da misalin yaro da ƙwayar magani. Sarki ya gyaɗa kai ya ce yanzu ya fahimta sarai, a dawo jibi. Da aka koma, ya fito da kati a naɗe cikin jarida, ya miƙa da hannu biyu kamar mai miƙa jariri. Ashe filaya ya sa ya karya wa aisin ƙafa ɗaya. Ya ce ga mai matsala nan, da hannunsa ya yi, kuma ya ba da garanti ba zai taɓa aiki daidai ba.

Kawu ya juya katin gaba da baya. "Sarki, wannan gurgu ne. Ni maƙaryaci nake nema."

Labari ya bazu cewa akwai wani dattijo da ke ƙin mai kyau yana neman lalatacce. Aka riƙa tare shi a hanya da matattun rediyo da tukwanen lantarki. Wata tsohuwa ta kawo masa agogon da ke gudu, ta ce wannan ma ƙarya yake yi. Gidansa ya cika da katuna kore. Matarsa ta zo wurin Inna ta ce ta tsinci ɗaya a kwandon albasa, in ba a yi wa ƙaninta magana ba za ta fara hura wuta da su. Inna ta ba ta haƙuri, ta ce tun yana rarrafe haka yake. Amma da matar ta tafi, Inna ta daɗe tana kallonsa a teburinsa. Ya rame. Caja ta taru ba a gyara ba. Lokacin da Maigadi ya bayar kuma sai ƙarewa yake yi.

Sarkin Tsatsa ne ya fitar da shi, ba don tausayi ba, don zuciya. Ya ce ba a taɓa neman abu a filinsa an rasa ba, kuma ba za a fara a kansa ba. Ya bar saye da sayarwa ya riƙa buɗe cikin kowace tsohuwar kwamfuta da kansa. A ƙarshe ya samu katin a cikin wadda ya daɗe yana zama a kanta yana shan shayi. Ya zo shagon da ƙafarsa, gumi sharkaf, ya dire shi a teburin Kawu. Kawu ya ɗauko gilashinsa ya duba bayan aisin. Ya ce shi ne. Sarki ya ce in wannan ma ya dawo, to a nemi wani sarkin.

Ƙaryar ba ta fitowa sai a dogon aiki, don haka sai da injin Inna. Ita kuwa tana da bajon wata makaranta da za a buɗe, an tsaya mata a wuya. Ta ce ta ba shi yamma ɗaya da guntayen yadi, kuma in ya karya mata allura zai ga abin da ba ta yi masa ba yana yaro. Kawu ya haɗa wata tsohuwar kwamfuta daga tarkacen gidansa, ya soka katin, ya murɗa ƙusoshin kebul. Sarkin Tsatsa ya ƙi tafiya, mai walda ma ya leƙo.

Ƙa'idar gwajin ita ce, sai ka fara nuna cutar tana nan kafin ka nuna maganinka yana aiki. Kawu ya sa tsohon kanel na zamanin da, ba faci. Injin ya tashi, zarurruka suka hau rawa. Can tsakiyar bajo allura ta yi tsalle ta dasa harafi a bakin yadi. Kawu ya yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba, ya ɗaga lalataccen bajon yana nuna wa kowa. Sarki ya buga ƙirji ya ce kayansa ba ya ba da kunya. Inna ta yi tsaki ta ce ba ta taɓa ganin gidan da ake murnar asara ba sai nasu.

Sannan Kawu ya sa sabon kanel, ya cire layukansa, don a ga ɓarnar da za a yi in an share su. Muka zuba ido muna jiran tsalle. Bajo ya fito tas. Ya ce aisin bai yi zafi ba tukuna. Aka sake, tas. Ya rufe ƙofar shagon, ya lulluɓe kwamfutar da bargo, muna ta gumi kamar masu gasa burodi. Ya zaɓi zanen da ya fi kowanne tsawo. Tas. Sarkin Tsatsa ya fara yi wa katin magana ƙasa-ƙasa, yana roƙonsa kada ya kunyata shi a gaban mutane. Inna kuwa da ta ga abu yana fitowa daidai, sai ta janye guntayen yadi ta riƙa sa na aikinta. Kafin rana ta yi sanyi ta ci rabin odar makaranta da gwajin Kawu.

Ya tsayar da injin. Ya buɗe direban, wannan karon ba layukansa ya leƙa ba, na kewaye da su ya bi yana karantawa da yatsa a kan allo. Ya daɗe. Sannan ya gaya mana, muryarsa kamar mai ba da labarin wasu. Shekarun baya wani ya sake gina wurin da ake tambayar aisi. Yanzu kanel ba ya dogara da waccan amsar daga kowane aisi, mai gaskiya ko maƙaryaci. Wata alama daban yake jira, wadda ba ta tashi sai harafin ya fita gaba ɗaya. Layukansa suna nan, ana bi ta kansu, amma ba abin da suke tarewa. Duk shekarun nan da yake leƙa su, gadin ƙofar da aka riga aka toshe da bulo suke yi.

Mai walda ya tuna yana da aiki.

Kawu ya mayar da layukan ya gwada sau ɗaya don cika ƙa'ida. Bajo ya fito tas kamar sauran. Inna ta cire shi ta duba, ta ce to ai magana ta ƙare. Abin da Maigadi ya nema ke nan: mai ƙarfe a hannu, ya gwada, ya ga yana aiki. Ga ƙarfe, ga gwaji, ga shaidu har da Sarki. Ta ce ya rubuta haka kawai, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, sunansa ya zauna.

"Ba ka cuci kowa ba, Auta. 'Yan layuka ne, ba abinci suke ci ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma na ga maganar ta shige shi. Ya ɗora hannu a kan kibod ya rubuta layin farko, cewa yana da katin bugun farko kuma ya gwada. Ya tsaya. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Suna ci, Yaya. Duk wanda zai zo gyara wurin nan bayana sai ya tsaya ya karanta su, ya ji tsoron taɓawa, ya kewaye. Ni ma na sha tarar da irinsu, na kuma san abin da na faɗa wa masu su a zuciyata."

Inna ta juya ga aikinta. Ta ɗauki almakashi ta shiga datse zaren bayan wani bajo da ta riga ta datse.

Ya rubuta duka. Tsohon kanel ba faci, an yi tsalle. Sabo da faci, daidai. Sabo ba faci, daidai, har da bargo. Ya roƙi Maigadi abu ɗaya, ya bar shi ya share da hannunsa. Sai ya buɗe direban. Akwai yadda ake share su gaba ɗaya da taɓawa ɗaya, ni da ban gama makaranta ba ma na san wannan. Shi layi-layi ya bi, daga ƙasa zuwa sama, yana karanta kowanne kafin ya tafi. Sunansa ne na ƙarshe. Ya tura.

Sarkin Tsatsa ya tambaya a hankali ko an ci ne ko an faɗi.

Amsa ta zo bayan 'yan kwanaki, gajera kamar yadda Maigadi ya saba: an karɓa, an gode. A ƙasa ya ƙara magana ɗaya, abin da bai taɓa yi ba a duk shekarun nan. Ya ce bai zaci akwai sauran katin nan a duniya ba, ya tambaya a ina aka samo shi. Kawu ya karanta, ya ce a gaya wa Sarki an tambayi kayansa daga nesa. Sai ya rufe kwamfutar ya zauna yana kallon titi, hannuwansa a cinya, abin da ban saba gani ba.

Inna ta bar shi ya ɗan jima. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago daga aikinta ba, wai ɗan injin naɗe zarenta ya fito da sabon salo. Ba ya tashi sai ta kunna ta kashe ta sake kunnawa, amma ranar da aka yi ruwa sau ɗaya ya ishe shi. Ta ce ba wani abu ba ne, ta saba, kada ya damu kansa.

Ni dai na san injin nan, da safiyar ranar na ga ya tashi da kunnawa ɗaya, kuma rabonmu da ruwa an kwana biyu. Na buɗe baki, Inna ta yi mini wani kallo, na rufe.

Kawu ya juyo. Ya tambaya tun yaushe. Ya tambaya ko kullum ne, ko in ya kwana a kashe ne kawai. Inna ta ce ita ina ta sani, aiki take yi ba gadin inji ba.

"Kawo shi nan, Yaya," ya ce, yana ture cajojin mutane gefe.